Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ƙarfe Ke Ƙara Tauri Idan An Matsa Shi?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin injiniya ne a Zariya. Na lura cewa idan na dinga lanƙwasa waya a wuri guda, sai ta yi tauri kafin ta karye. Mene ne dalili?

Amsa: Madalla da wannan lura taka. Ƙarfe ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kuma duk lanƙwasawa tana ninka karkacewar da ke cikin jerin atam ɗinsa, har su cakuɗe su tare wa juna hanya, sai ya ƙi miƙuwa.

Masana sun ci moriyar wannan. A shekarun 1970, Vladimir Segal na Tarayyar Sobiyet ya ƙirƙiro dabarar tura sandar ƙarfe ta cikin rami mai kusurwa, ta fito da kaurinta na asali, a sake tura ta sau da dama har ƙwayoyin su koma ƙasa da maikiromita 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Tun 1951 da 1953 wasu masana biyu, Hall da Petch, suka nuna cewa ƙanƙantar ƙwayoyi tana ƙara ƙarfi. Abin da ke damuna shi ne irin wannan ƙarfe ba ya jure miƙuwa sosai, shi ya sa ake ɗan gasa shi bayan aikin, da taka tsantsan don kada ƙwayoyin su sake girma.