Kai mai son rubuta kes, zauna ka ji

Ƙanena, saƙonka na uku kenan a watan nan, na farko biza, na biyu kuɗin makaranta, yanzu kuma wai ta ina za ka fara rubuta kes stadi na koyarwa, wato labarin wata matsala ta gaske da ake ba ɗalibai su yi muhawara a kai a aji, daga abin da ya faru da kai a wurin aiki. Toh wannan kam zan amsa maka da kyau don a nan na sha kashi.

Da na zo Ingila haka na zauna na zuba shafi 14 kan rigimata da wani tsohon manajana, yadda na hango matsala na faɗa aka ƙi ji, daga baya aka dawo kan maganata. Malamar da ke duba aikina shafi biyu kawai ta karanta ta ajiye, tace wannan ai wanke kanka kake yi, ɗalibi zai karanta yace kai ne da gaskiya shikenan, to me za a yi muhawara a kai a aji? Wallahi ranar ko barci ban yi ba, ga haushi ga kuma sanin cewa gaskiyarta ne.

Kes yana tsayawa ne daidai inda mutum ke tsaka mai wuya bai yanke shawara ba tukuna, abin da ya biyo baya kuwa ka riƙe shi a cikinka. Kes na farko da makarantar kasuwanci ta Harvard ta fitar a 1921 shafi ɗaya ne tal, kan wani kamfanin takalma da ma'aikata ke ajiye aiki tun kafin lokacin tashi, aka bar ɗalibai da tambayar me ya kamata a yi. Shafi ɗaya fa! Ni kuma ina ta surutu har 14.

Saboda haka ka fara da sakin layi guda: waye, wane muƙami yake riƙe da shi, wace rana ce, wace shawara ce a gabansa, kwana nawa suka rage masa. Kar ka ce "ni", ka sa wa kanka wani suna ka riƙa cewa "shi". Sannan wanda kuka yi rigima da shi ka ba shi hujjojinsa mafi ƙarfi, wannan ne ya fi min ciwo gaskiya, don sai da na buɗe tsofaffin imel na ga ashe manajan nan yana da dalili, kuɗin da nake cewa a kashe babu su a kasafin shekarar. Ƙwaƙwalwa tana son mai ita, kar ka yarda da ita, ka nemo takardu da alƙaluma ka ji ta bakin wasu da abin ya faru a gabansu.

Akwai kuma takardar jagorar malami, a nan ake rubuta darasin da ake so a koya da tambayoyin aji da abin da ya faru a ƙarshe. Ni yanzu ita nake fara zayyanawa kafin kes ɗin kansa.

Sai izini, don Allah ka buɗe kunne. Masu rarraba kes irin su The Case Centre a Cranfield ta Ingila da Ivey a Kanada suna neman sa hannun kamfanin in dai daga ciki ka samo bayanan. Ni wata huɗu na yi a kan nawa, mutanen suka karanta suka ce ba za su sa hannu ba, ko dalili basu bani ba, yana nan a kwamfutata har yau. Kuma kar ka ɗauka canza suna zai fisshe ka, duk wanda ya taɓa aiki a wurin zai gane. Kes ɗina na biyu ne ya samu shiga, yanzu haka da shi nake koyarwa, kuma tun ban rubuta kalma ɗaya ba na karɓi yardar kamfanin.

Turo min sakin layin farkon nan kawai in gani, in ka turo shafi 14 ba zan buɗe ba.