Tambaya da Amsa: A ƙara wa mota ƙarfe bayan hatsari?

Tambaya: Salamu alaikum Masta. Ni direban tasi ne a Aboabo, Kumasi. Satin da ya wuce mai trotro, wato bas ɗin haya, ya buge ni wajen Anloga Junction, gaban Corolla ɗina ya lotse har da ƙofar direba. Na kai ta Magazin a Suame, mai gyaran bodi ya ce in ƙara kuɗi ya walde min ƙarfe mai kauri a bayan bamba da cikin ƙofa, wai ko an sake buge ni motar ba za ta ji ba. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Gaskiyarsa, motar ba za ta ji ba, kai da fasinjanka ne za ku ji. Gaban mota da gangan aka ƙera shi ya lanƙwashe kamar gwangwanin madara don ya shanye bugun kafin ya iso kujera, tun 1959 Mercedes suka fara fitar da mota a haka, yanzu kuwa kowa haka yake yi, to in ka cusa ƙarfen gini a wurin bugun zai zarce kai tsaye zuwa ƙirjinka, kuma yana iya rikita lokacin da jakar iska za ta buɗe.

Abin da ya fi damuna ma wutar gas ce. Mutanenmu na Magazin hannu gare su wallahi, amma wasu komai sai sun gasa ƙarfen ya yi jajir kafin su ɗauki guduma. Fatar ƙofa ko fenda, wadda kaurinta bai kai milimita 1 ba, wannan a buga a miƙe ba laifi. Amma ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya da sandar cikin ƙofa ƙarfe ne na musamman a motocin zamani, da ya sha wuta ƙarfinsa ya tafi ko da ido ya ga ya miƙe sumul. In sandar ta lanƙwashe nemi ƙofar tokunbo, wato hom-yus, a nan Suame ko Abossey Okai a Ankara, wato Accra.

Ka ce wa mai gyaran ya auna shasi da tef daga kusurwa zuwa kusurwa a gabanka, ya shafa maganin tsatsa ta ciki inda ya yi walda saboda daminar Kumasi ba ta da wasa. Ranar karɓar mota ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, duk inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfen motar, fila ce, wato abin cike lotsawa, aka lafta, ka sa ya kankare kafin ka cika masa kuɗinsa.