Rifot kaɗai ba ya nuna ɗalibi ya iya aikin lab

Malam, ka tambaya ta yaya za a gane ɗalibin injiniya ya koyi aikin hannu a lab, tunda kowa na kawo rifot mai kyau. To gaskiya rifot ɗin nan kar ka dogara da shi, mutum goma ne ke zagaye da na'ura ɗaya, biyu su taɓa, sauran su kwafe lambobi, wani ma na ɗaliban bara ya juyo har da kuskuren ciki.

Ni a ganina a tsayar da kowa shi kaɗai ko da minti 15 ne. In ɗan lantarki ne a ba shi wayoyi da resista (ɗan abin da ke rage gudun wuta a layi) da mita a ce ya auna karan, wato yawan wutar da ke gudana a layin, nan take za ka gani, wanda bai iya ba zai jona mitar a gefen resista maimakon ya yanke layin ya sa ta a tsakiya, sai fiyus ɗin mitar ya ƙone. Abin da ya fi wannan ma, mai kula da lab ya kwance waya ɗaya a ɓoye ko ya sa resista da ta mutu, a ce yaro nemo matsalar, kana tsaye kana ganin ta inda zai fara.

Sannan a tambaye shi baki da baki me ya sa sakamakonsa bai zo daidai da lissafi ba. Wanda nasa ya fito cif-cif da na littafi ni shi nake fara zargi wallahi.

Shi ma littafin da ɗalibi ke cikewa in ya je SIWES, wato horon aiki a masana'anta da hukumar horar da ma'aikata ta ITF ke kula da shi, haka ne, sa hannu da hatimi ba wuya, in ya dawo a sa shi ya yi abin da ya rubuta a gaban malamai.