Amsa ga ɗan'uwan da ƙungiyarsu ke son kafa wa yara wurin wasa

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ƙungiyarku ta matasa ta tara ɗan abin da ta tara, kuna son kafa lilo da abin zamiya a wani fili da ke zaune haka nan cikin unguwarku, kana tambayar ta ina za ku fara, kuma wane mai walda ya fi. Allah ya saka muku da alheri. Amma mai walda ku aje shi tukuna. Mun yi irin wannan aiki a tamu unguwa, ni aka ɗora wa riƙon kuɗi, kuma walda ita ce ta fi komai sauƙi a ciki.

Ku fara da takarda. A Maradi babu filin da ba shi da mai ido a kansa. Idan aka yanka filaye akan bar wani wuri don jama'a, a ce na makaranta ne ko na shan iska, to irin waɗannan wuraren ne ake wayar gari a ga an jibge bulo a kai. Ku je wurin mai unguwa ya san da maganar, ya kuma yarda zai raka ku. Daga nan ku nufi meri, wato ofishin magajin gari. Birnin nan kashi uku ne, sai ku san ɓangaren da unguwarku take, tunda a can za a duba taswira a faɗa muku abin da aka ware filin dominsa. Kada ku yarda da "ku je ku yi, ba komai". Ku roƙi izini a rubuce, da sa hannu da hatimi, da girman wurin. Shugabanni canzawa suke yi, tun 2024 ma kantomomi ne ke riƙe da meri, wanda zai zo gobe bai ji alkawarin baki da na jiya ya yi ba. In ƙungiyarku ba ta da takardun rajista, ku soma nan, don ba a ba fadar samari masu zaman shayi fili, ƙungiya mai rajista ake ba.

Bayan takarda sai shinge da inuwa. Fili buɗaɗɗe ƴan kabu-kabu za su mai da shi hanya, awaki su mai da shi makwanci, ga masu zubar da shara da dare. Ko waya ce ku ja, da ƙofa guda. Inuwa kuwa ban san yadda zan jaddada maka ita ba. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ƙarfen zamiya da ya wuni a rana yana toye cinyar yaro, ba wasa ba. In akwai bedi, wato itacen dogon yaro, a filin, ku kai kayan ƙarƙashinsa. In babu, ku yi rumfa yanzu, ku dasa itatuwa da faɗuwar damina, ku kewaye kowane da ƙaya ko bulo, in ba haka ba abincin akuya kuka dasa.

Kayan wasa, kaɗan masu ƙarfi sun fi. Katako gara ce za ta cinye, bututun ƙarfe mai kauri za ku saya, a haƙa rami mai zurfi a zuba kankare, don ƙasarmu rairayi ce, ƙafar lilo tana girgiza ta fito. Ku tsaya kan mai walda ya goge duk wani baki mai kaifi. Gaban lilo da bayansa a bar fili kamar ninki biyu na tsayinsa, saboda mafi yawan raunin da na gani, ƙaramin yaro ne ya gitta lilo ya buge shi. Ƙasa a zuba yashi mai laushi kamar santimita 30, ba siminti ba, a riƙa tsince ƙarangiya da kwalba. Tsofaffin tayoyi suna da araha, yara na son su, amma a huda ƙasansu. Taya mai riƙe ruwa a watan Agusta gidan sauro ce, kuma kun san yadda zazzaɓi ke yi da yara a lokacin. Wadda wayarta ta fito a jefar.

Haƙa da ɗaukar yashi da fenti ku yi gayya, kamar yadda iyayenmu suka yi zamanin Samariya, ƙungiyoyin matasa na da masu aikin gayya. Za ku sha mamakin masu zuwa in an dafa shayi an kawo fura.

Abin da ya fi ba mu wuya ya zo ne bayan bukin buɗewa, hotuna sun gama yawo a WhatsApp. Sarƙa na cinyewa wurin da take gogar ƙarfe, kusoshi na kwancewa, masu sayen ƙarfe a kilo kuma ba su barci. Manyan samari su zo da ƙwallo su kore ƙanana, ƴan mata su daina zuwa gaba ɗaya. Mu abin da ya raba mu da wannan, wata dattijuwa ce mai sayar da ƙosai a bakin filin. Muka ba ta makulli, muna ba ta ɗan ihsani a wata. Ta san ɗan kowa, in ta yi tsawa ba mai musu. Ku nemi irinta kafin ku sayi ko bututu guda, ku zauna da matan gidajen da ke kewaye, su za su ce muku a rufe da magariba ko kafin nan.

Kuɗin da kuka tara kada ku kashe shi duka. Ni da zan ba da shawara, kashi ɗaya cikin huɗu ya zauna a asusu don gyara. Mu ranakun salla kaɗai muke karɓar dala biyar a ƙofa, sauran kwanaki kyauta ne, kuma a rubuce muke karanta wa ƴan ƙungiya shiga da fita duk ƙarshen wata. In kun samu takardar meri ka sanar da ni a nan, in zo mu auna filin tare kafin ku kira mai walda.