Ga ƙanenmu mai tambaya kan konkur da mutumin da ya ce yana da hanya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena da ya yi tambaya, tun da azahar na ga saƙonka, amma sai yanzu bayan isha'i na iya zama in rubuta, don ka fama mini wani tsohon miki. Ka ce ka gama lisans, wato digirin farko, a jami'ar Ngaundere da ke Dang, shekararka 28, ka zauna konkur, jarrabawar shiga aikin gwamnatin Kamaru, sau biyu ba ka samu ba, yanzu kuma wani ya ce wa babanku a kawo sefa miliyan ɗaya ya sa sunanka cikin waɗanda suka ci. Kana tambaya ko ku ba shi, ko kuwa har yanzu ɗan talaka yana iya ci da guminsa. Wallahi kamar ni na rubuta wannan tambayar shekara goma da suka wuce, kuɗin ne kawai ya bambanta.

Kada ku ba shi ko dala. Na faɗa tun farko don ko ba ka karanta sauran ba.

Ni ma a Dang na yi, na gama a 2013, na dawo Garwa ina ganin aiki yana jirana a bakin ƙofa. Lokacin ba a daɗe da ɗaukar matasa dubu 25 ɗin nan aikin gwamnati da aka yi shela a 2011 ba, kowa yana da ɗan unguwarsu da ya shiga, duk muna ganin abin sauƙi ne. Shekarar farko ko ɗakin jarrabawa ban shiga ba. A takardar haihuwata an rubuta sunan mahaifinmu da harafi ɗaya, a takardar bak ɗina, ta gama sakandare, an ninka harafin. Ka san yadda ake yi wa sunayenmu in an mayar da su rubutun Faransanci, kowane magatakarda da yadda kunnensa ya ji. Ana saura kwana biyu a rufe karɓar dosiye, wato takardun neman shiga, aka nuna mini wurin da bakin biro, aka miƙo mini takarduna. Don haka tun yau, kafin ka buɗe littafi, ka shimfiɗa takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da bak da lisans a tabarma, ka bi suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi. In akwai saɓani gyaransa ba aikin mako guda ba ne, wani sai an je kotu.

Shekara ta biyu ce ta halaka mu. Mutumin ba baƙo ba ne, abokin wani surukinmu ne. Babbar riga ta shadda kullum, waya biyu a hannu, in yana magana sai ya riƙa kiran manyan Yawunde da sunayensu na yanka kamar tare suka yi makarantar allo. Ya zo har zaurenmu, ya sha shayi, ya dubi takarduna sama-sama, ya ce, "Alhaji, yaron nan ai namu ne, abin kunya ne a ce yana zaune." Ya ce shi ba ya cin ko sisi, na waɗanda ke sama ne. Dubu ɗari takwas.

Babanmu bai da su, ɗan tebur ne yake da shi a kasuwa. Innarmu ce ta tashi. Tana da shanu biyu da take kiwo wurin wani Bafulatani ta wajen Pitowa, tun gadon mahaifinta, ta ce a sayar. Ta ɗauki adashinta tun kwasarta ba ta zo ba, ta roƙi matan suka yi mata musanya. Ragowar ta cika da 'yan kunnenta na zinare, waɗanda ta ce ta ajiye wa auren ƙanwata. Ni na ƙirga kuɗin da hannuna, na ɗaure da roba, na sa a baƙar leda. Ya karɓa ko ƙirgawa bai yi ba, ya jefa aljihun gaba, ya ce mu yi fatiha. Muka yi. Har yau in na tuna mun ɗaga hannu mun shafa fatiha a kan wannan abin sai in ji tsigar jikina ta tashi.

Abin da ban taɓa faɗa wa mutanen gidanmu ba shi ne daga ranar na daina karatu. Me zan karanta, an riga an biya? Wata biyu ina majalisa ina shan shayi, ina yi wa masu fama da littafi kallon tausayi. Ranar jarrabawa na rubuta shafi biyu na fito tun rabin lokaci bai yi ba, don ya ce mini in dai rubuta wani abu kawai kada takardar ta zama fara.

Ranar sakamako duk gidan aka taru a tsakar gida gindin rediyo, labaran ƙarfe biyar na CRTV, gidan rediyon gwamnati. Inna har ta sa an jiƙa gero za a yi kunun sadaka. Aka fara jero sunaye bi da bi bisa haruffa. Aka zo harafina, aka kira na gabana, aka kira wanda ya kamata ya biyo bayana, aka wuce. Ƙanwata ta ce ƙila ba mu ji da kyau ba ne, a ƙara murya. Babu wanda ya tanka mata. Babanmu ya sa takalmi ya fita masallaci tun ba a kira magariba ba. Inna ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta tashi ta tsiyaye ruwan geron nan, ta shanya shi a tabarma, tana baza shi da hannu a hankali, ta ce, "Allah bai nufa ba." Shi ke nan abin da ta ce, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake tayar da maganar shanun nan ba. Allah ya jiƙanta.

Na kira mutumin a daren. Ya ce in kwantar da hankalina, akwai ƙarin jerin sunaye da zai fito. Mako biyu, ya ce maigidan ya yi tafiya Faransa. Wata guda, ya ce a bari sai baɗi, kuɗin suna nan a ajiye. Daga nan waya ta daina shiga. Kai ƙara? Ka je ka ce wa alƙali me, ka ba da cin hanci an cinye? Mai bayarwa ma mai laifi ne a doka, kuma ya san haka, da wannan yake cin kasuwarsa. Daga baya muka gano mu bakwai ya karɓa wa a shekarar. Ɗaya ya ci, yaro ne mai ƙoƙari da ko ba kowa zai ci, shi kuwa ya riƙa yawo da sunan yaron gida-gida yana cewa aikinsa ne. Ka ga dabarar ke nan: ya tara na mutum goma, wanda Allah ya ba shi ya ce shi ne, sauran ya ce a yi haƙuri. Kuma mutumin yana nan. Bara na gan shi a wani ɗaurin aure, sahun gaba, ya miƙo mini hannu yana tambayata ya aiki. Na ba shi hannu don idon jama'a, amma ban ci abincin wurin ba. Na yi ƙoƙarin yafewa, ban iya ba tukuna.

Ba na ce maka komai tsaf yake a ƙasar nan ba, ba yaro ba ne kai. Amma wanda yake da iko na gaske ba ya yawo zaure-zaure yana neman ɗan mai tebur.

To, batun shiri. Bayan wannan abin na yi wata uku ba na fita, sai wani abokina ya ja ni muka haɗa ƙungiya mu uku. Kada ku wuce huɗu, in kun yi yawa hira za ta koma. Mun tara tsofaffin tambayoyi na shekarun baya, masu fotokopi na bakin jami'a suna da su, waɗanda suka riga ka zama ma suna da su a kwali. Kowace Asabar mu zaɓi tambaya ɗaya, mu kashe waya, mu rubuta da biro na tsawon lokacin da ake bayarwa a ɗakin jarrabawa, sannan mu yi musanya kowa ya yi wa ɗan uwansa jan biro ba sani ba sabo. A nan na gane ashe ban iya rubutu ba. Ilimin yana kai, amma in zuba shi yadda suke so, gabatarwa, a fito da matsalar da tambayar ta ƙunsa, a raba kashi biyu kowanne da rassansa, wannan ban iya ba. Kiltir janaral, wato jarrabawar ilimin yau da kullum, ba yawan sani ba ne, tsari ne. Ga kuma kurakuran Faransanci. Mu da muka tashi da Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, sai mun ninka ƙoƙari a nan, mai gyara in ya ga kuskure biyar a shafin farko ya riga ya yanke maka hukunci a ransa. Ingilishi kuma kada ka raina shi don makinsa kaɗan ne, da rabin maki ake faɗuwa.

Ka san ƙasarka da lambobi. Jihohi 10, an raba su dapartama 58, su kuma an raba su arondisma 360. Tsarin mulkin 18 ga Janairu 1996 da gyaran da aka yi masa a 2008, majalisar dattawa da aka kafa a 2013, dokar ƙananan hukumomi ta Disamba 2019, zaɓen majalisun jihohi na farko ranar 6 ga Disamba 2020, shirin raya ƙasa na SND30 da burin bunƙasar ƙasa na 2035. Ba haddar aku ba, ka iya cewa me ya sa aka yi, me ya canza wa mutumin Gidar ko na Kuseri. Na san dukanmu da BBC Hausa muka tashi, ni ma ba na fashinta, amma ka ƙara da labaran CRTV da RFI don kunnenka ya saba da kalmomin da za ka rubuta. In ka samu Cameroon Tribune ko ta jiya ce ka karanta, da L'Oeil du Sahel don labarin arewa. Ni bayan sallar asuba nake karatu zuwa ƙarfe takwas, don wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu ya san da rana ƙwaƙwalwa ba ta ɗaukar komai, da dare kuma wuta sai ta ga dama.

Na manta, kaziye, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta ka. Wata uku kawai yake yi ya mutu, kuma a kotun garin da aka haife ka ake karɓa. Ni a Gidar aka haife ni, sai na hau mota na je. Kada ka karɓa da wuri ya mutu kafin a buɗe, kada ka bari sai makon ƙarshe. Ka tanadi kuɗin tambur, wato kan sarkin da ake manna wa takardu, da yawa, yanzu 1500 ne ba 1000 da muka sani ba, kuma kowace takarda da nata. Takardar shaidar nuna asalin difloma sai gwamna ko perefe na dapartama ko suprefe na arondisma ya sa hannu, su kuwa ba kullum suke ofis ba. Rajista yanzu ta intanet ake fara ta, in ka je wurin masu kwamfuta ka tsaya a kansu ka karanta abin da suka buga kafin su tura. Kuma ka nemi sanarwar da minista ya sa wa hannu ka karanta da idonka, ka bar "an ce" na WhatsApp.

Shekarunka su ne abin da ya fi damuna. Konkur na ENAM, makarantar horon manyan ma'aikatan gwamnati da alƙalai, iyakarsa shekara 32 ne, ana lissafawa daga 1 ga Janairu na shekarar, na 'yan sanda da soja kuwa ƙasa da haka suke. Kana da 'yan shekaru, ba su da yawa. Kada ka kafe a kan kwastan ko haraji don an ce can ne maiƙo, kowa can yake rububi. Ni na kafe shekara uku. A ta ukun na ci jarrabawar rubutu, na hau mota zuwa Ngaundere, na kwana a jirgin ƙasa, na sauka Yawunde da safe da kwat ɗin aro, na sauka wurin wani kawunmu a unguwar Birkitiri. Na shiga gaban alƙalan oral, wato jarrabawar baki, aka yi mini tambayar da na san amsarta sarai, bakina ya ƙi buɗuwa, don ban taɓa tsayawa gaban manya na yi Faransanci na minti goma ba. Mu an koya mana sunkuyar da kai gaban babba, su kuma so suke ka dube su. Ka riƙa gwadawa gaban abokanka tun yanzu, suna katse ka suna yi maka tambayar rainin hankali. A shekara ta huɗu na sauke girman kai na shiga makarantar horon malamai ta Marwa, yau ina koyar da tarihi a lise, wato sakandare. Ita ma yanzu an raba horo da ɗaukar aiki, ba kamar lokacinmu ba, sai ka bincika. Kuma ko ka shiga sai ka yi haƙurin jiran matirkil, lambar ma'aikaci da ake biyan albashi da ita, kun dai ga yajin aikin malamai na OTS a 2022.

Wani zai ce maka ai akwai kason gurabe da ake ware wa kowace jiha, ɗan arewa ko bai yi karatu ba zai shiga. Kason yana nan, Arewa Mai Nisa 18 cikin ɗari, Arewa 7, Adamawa 5. Amma ka lissafa, in gurbi 40 ne, Arewa ba ta kai uku cikakku ba, kuma da 'yan jiharka kake takara, cikinsu har da waɗanda suka yi karatu a manyan makarantun Yawunde da Duwala. Ka kuma tabbata jihar asali da ka rubuta ta dace da ta takardun mahaifinka, mu Hausawa da iyayenmu suka yi yawon fatauci wannan yana ba mu matsala.

Babanku kuma kada ka yi masa gardama a gaban mutane, tausayinka ne ya sa yake neman inda zai samo miliyan. Ka same shi shi kaɗai bayan asuba, in ka ga dama ka karanta masa abin da na rubuta. In har kuɗin suna nan, ya ba ka kaɗan ka yi dosiye biyu ko uku a bana, sauran a ƙara a jari, ka riƙa zama a shago da yamma don kada zaman banza ya cinye ka kamar yadda ya so cinye ni.

Tsofaffin tambayoyina suna nan a kwali a ƙarƙashin gado, har da waɗanda abokaina suka yi wa jan biro, ban zubar ba. In kana Garwa ka yi mini magana ta gefe, ranar Juma'a bayan masallaci in kawo maka. Ka zo da takardar haihuwarka da ta bak mu duba sunan tare.