Daga ina ƙamshin ayaba ya shiga giyar alkama?

Ɗana, na ji tambayar da ka yi mini jiya a gindin tanki, aiki ne ya hana ni amsawa. Ka ce ka shaƙi giyar alkamar nan ta Jamus ka ji ayaba da kanumfari, alhali kai ka auna kayan da hannunka, ba ka zuba ko ɗaya ba. Sannan ka tambaya me ya sa muke barin ta dishi-dishi kamar ruwan tsari, amma giyar bita ta Ingila sai mun tabbatar ta fito garau.

Yisti ne ya kawo ƙamshin. Irin yistin da mutanen Bavariya, a kudancin Jamus, ke amfani da shi, yana cin zaƙin ruwan tsiro yana fitar da wani sinadari da ake kira isoamil asitet, shi ne kuma yake cikin ayabar da ta nuna sosai. Kanumfarin kuwa tun daga tukunya muke shirya masa hanya. Ka tuna ranar da na hana ka ƙara wuta, na ce a bar dāmun tsiron ya zauna a digiri 44 a ma'aunin Selsiyas na kwata ɗin awa? A wannan ɗumin ne hatsi ke sakin asid ɗin ferulik, daga baya yistin ya mayar da shi ƙamshin kanumfari. In ka tsallake wannan zama, kanumfarin zai yi rauni. In kuma ka bar tanki ya wuce digiri 20 lokacin da giya ke nuna, ayaba za ta danne komai. Ni na fi son in riƙe shi wajen 18. Da safe ka ɗaga murfi ka kara hancinka kusa da kumfar nan mai kauri, za ka gane inda aka nufa tun kafin ka duba ma'auni.

Alkama kanta tana da tarihi a can. Dokar tsabtar giya da aka kafa a garin Ingolstadt na Bavariya a 1516 ta ce sha'ir da furen hof (furen da ke ba giya ɗaci) da ruwa kaɗai za a sa a giya, aka bar alkama ga masu burodi. Gidan Degenberg, wasu masu sarauta a Bavariya, aka ba izinin dafa ta alkama, da zuriyarsu ta ƙare a 1602 izinin ya koma hannun gidan sarautar Bavariya, suka daɗe suna cin riba. Sai a 1872 wani mai dafa giya, Georg Schneider, ya karɓi izinin a lokacin da kasuwarta ta faɗi, kuma har yau zuriyarsa na dafa ta a garin Kelheim. A Jamus, kafin a kira ta giyar alkama, dole aƙalla rabin tsiron ya zama na alkama.

A nan wahalar take. Ƙwayar alkama ba ta da ɓawo irin na sha'ir, ɓawon nan kuwa shi ne matacinmu. Ina sabon shiga na kai alkama kashi 70, na buɗe famfo da gaggawa, dāmun ya danƙare kamar tuwon da ya kwana. Awa huɗu ina tsaye, ruwa na ɗiga ɗaya-ɗaya. Tun daga ranar nake zuba ƙaiƙayin shinkafa a ciki, kuma nake buɗe famfo sannu a hankali. Dishi-dishin da ka gani, furotin ɗin alkama ne da yistin da ba ya saurin kwantawa. Ba datti ba ne. Mai zubawa ma yakan bar ɗan saura a kwalba, ya juya shi, ya tsiyaye a kan kumfa.

Bita fa, sunanta na nufin mai ɗaci, kuma a wurina ita ta fi wuya. Ƙarfin barasarta bai cika wuce kashi 3.5 zuwa 4.5 cikin ɗari ba, ba ta da kumfa mai yawa, ba ta da ƙamshi mai ƙarfi da zai rufe maka asiri. Kuskurenka ƙanƙani mai sha zai ji shi a kurɓin farko. Tsiron sha'ir irin Maris Otter muke sa mata, da furen hof na Goldings daga yankin Kent ko Fuggle. Farin garin da kake gani ina aunawa a cikin ruwa jifsam ne. Ruwan rijiyoyin garin Burton, a bakin kogin Trent, yana da shi da yawa daga Allah, shi ke sa ɗacin ya fito tsaf ya wuce ba tare da ya manne a harshe ba, shi ya sa masu dafawa a ko'ina suke kwaikwayon wannan ruwa.

Aikinta ba ya ƙarewa a tanki. Tana shiga ganga da ranta, yisti na ci gaba da aiki a hankali. Gangar da suke kira fakin tana cin galan 9 na Ingila, kofi 72 ke nan na fayint. Muna zuba mata wani manne da ake samu daga jakar iskar kifi, shi ke jan yisti ƙasa har ta yi garau. A ɗakin ƙasa mai sanyin digiri 12 ake kwantar da ita, a buga mata ɗan turken katako mai laushi don iskar da ta yi yawa ta fita, in ta lafa a sa mai tauri. Da zarar an fara sha, kwana uku ne kusan iyakarta. Don kare irin wannan giyar ganga aka kafa ƙungiyar CAMRA a Birtaniya a 1971, lokacin da manyan kamfanoni suka koma giyar da ake tacewa a hura mata gas.

Abin da nake so ka kiyaye gobe: kanumfarin da muke nema a giyar alkama, in ya bayyana a bita, ganga ta lalace. Ɗan yistin alkama da ya maƙale a tiyo ya isa ya jawo hakan. Bokiti mai jan murfi na alkama ne, mai shuɗi na bita. Kafin ka taɓa tankin bita, ka wanke tiyo da ruwan soda mai zafi, ka ɗauraye, ka sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan ka kira ni in shaƙa.