Amsa ga Hajiyar da ta ga tsutsa a hantar saniya

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki: kin sayo hantar saniya kin yi farfesu iyali sun ci, sai da kika zo yanka ragowar kika ga wasu tsutsotsi masu faɗi suna fitowa daga ciki, kina son sanin ko kun kamu da kuma maganin da za ku sha. Na karanta amsoshin da aka ba ki, wani ya ce ku sha maganin tsargiya, wata ta ce abin yana kawo ciwon daji. Ni aikin duba nama na yi a kwata har na ajiye aiki, don haka bari in sa baki.

Ki kwantar da hankalinki, hantar da kuka ci ba za ta sa muku cutar ba. Tsutsar da kika gani babba ce, ta riga ta gama girma, kuma babbar ba ta kama mutum. Wuta ta kashe ta, ciki ya narkar da ita tare da naman. Ƙyama ce kawai ta rage, wannan kuwa ba ni da maganinta.

Na san ta sarai. In an kawo mana hanta, muna tsaga ta ta wajen maɗaciya, mu bi hanyoyin da ruwan ɗacin ke bi. A lafiyayyar hanta da ƙyar za ki lura da su. A wadda ta kamu kuwa sun yi kauri sun yi fari, wani lokaci har ki ji wuƙa tana ƙaras-ƙaras a kansu. Kina matsawa da babban yatsa sai su sulluɓo, launin toka-toka da ruwan ƙasa, siffarsu kamar ganyen darbejiya, tare da wani baƙin ruwa mai kauri. Irin tamu ta ƙasashen zafi, wadda likitocin dabbobi ke kira Fasciola gigantica, tsawonta kan kai santimita 7 har da ɗoriya. Ta ƙasashen sanyi, Fasciola hepatica, ba ta cika wuce santimita 3 ba. A ƙa'ida irin wannan hanta ba ta kamata ta fita kwata ba, ko dai a yanke inda ya lalace ko a zubar da ita gaba ɗaya. Amma hanta kuɗi ce, kuma rigimar da na fi yi da mahauta a kanta ce. Naman da aka yanka a lungu kuma babu mai duba shi. Ki canza mahauci, ko ki riƙa sa shi ya tsaga miki a gabanki.

Inda nake so 'yan wannan zaure su mai da hankali ba kan hanta ba ne, kan ruwa da ganye ne. Tsutsar tana zuba ƙwai a cikin hantar saniya ko tunkiya ko akuya, ƙwan ya bi kashin dabbar ya fita. In kashin ya faɗa busasshiyar ƙasa, shi ke nan. In ya faɗa ruwa, a fadama ko bakin tafki ko hanyar ruwan noman rani, sai ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya nemi wani ƙaramin dodon koɗi na cikin ruwa ya shige jikinsa. A can yake hayayyafa na wasu makonni, sannan 'ya'yan su fito su manne a jikin ciyawa da ganyayen da ruwan ya taɓa, su lulluɓe kansu da ɓawo mai tauri. Wasunsu ma ba sa mannewa, suna yawo ne a ruwan. Ido ba ya ganinsu. Saniya ta ci ciyawar ta kamu. Mutum ya ci ɗanyen ganyen ko ya sha ruwan, shi ma ya kamu. Wannan ita ce hanyar. Shi ya sa shanun da suka yi rani a dausayi, irin su fadamun Haɗeja zuwa Nguru da bakin Tafkin Chadi, mun fi samun ta a hantarsu fiye da na tudu.

To yanzu ki tuna yadda ake haɗa kayan lambu. Mai lambu ya tumɓuke latas da lansir, ya ɗaure dami-dami, ya sauka bakin ruwan da ya yi ban ruwa da shi ya tsoma ya girgiza don laka ta fita. Sama da shi kaɗan garke ne ke shan ruwa, ƙafafunsu a ciki, suna kashi a wurin. A kasuwa kuma a yi ta yayyafa wa ganyen ruwa don kada ya yi yaushi, Allah kaɗai ya san daga ina aka ɗebo. Mu kuma mu kawo gida, a ɗauraye sau ɗaya, a zuba ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, a ci. Kwaɗon zogale da na rama ba na jin tsoronsu, don sai an dafa. Lansir da latas da kabeji su ne ake ci ɗanye. Ban ce a daina ci ba, ni ma ina ci. A dai ware ganyen ɗaya-ɗaya, a wanke da ruwa mai tsabta ana cuɗawa, a jiƙa a ruwan binega kafin a sake ɗauraye shi. Ko hakan ragewa yake yi, dafuwa ce kaɗai ke kashe su tabbas. Ruwan tafki da na kududdufi kuma a tafasa kafin a sha, musamman yaran da ke bin dabbobi kiwo.

Cutar a jikin mutane ba tatsuniya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta aƙalla mutum miliyan 2.4 na ɗauke da ita a ƙasashe sama da 70. Ta fi tsanani a tsaunukan Boliviya da Feru, da yankin da kogin Nilu ke shiga teku a Masar. A lardin Gilan na Iran ta kama kimanin mutum 10,000 a 1989, ta hanyar ganyayen ƙamshi da suke ci ɗanye. A wajenmu ba kasafai ake jin an gano ta a mutum ba, amma a ganina rashin nema yana cikin dalilin, don tsutsar da dodon koɗin da ruwan duk muna da su.

Alamominta suna rikitarwa. Da farko, lokacin da ƙananan ke huda hanji suna ratsa naman hanta, mutum kan yi zazzaɓi, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kasala, rashin son abinci, wani har da borin jini. Kowa sai ya ce maleriya ce ko taifot. A wannan lokaci gwajin bayan gida ba ya nuna komai, don ba ta fara ƙwai sai bayan wata 3 zuwa 4. Abin da kan ja hankalin likita shi ne gwajin jini ya nuna wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil ya hau sosai, sai hoton ciki. Daga baya, in ta zauna a hanyoyin maɗaciya, tana iya shekaru shiru, ko ta toshe hanyar mutum ya yi shawara da murɗawar ciki. Wanda ya sha maganin maleriya da taifot ya ƙi warkewa, kuma yana zaune kusa da fadama, ya gaya wa likita wannan da bakinsa. A duba masa hepatitis B ma, don shi ne ciwon hantar da ya fi yawa a cikinmu.

Maganar maganin tsargiya, ɗan'uwa da ya kawo ta ya yi haƙuri, praziquantel ba ya kashe wannan tsutsa. Maganinta triclabendazole ne, ana auna shi da nauyin jiki, miligiram 10 a kowane kilo, kuma likita ne zai rubuta bayan gwaji. Ba a cika samunsa a kemis ba. Akwai shi na dabbobi a shagunan maganin shanu, kada wanda ya kuskura ya sha wannan.

Batun ciwon daji kuma wasu tsutsotsin hanta ne daban, na Tailan da Lawos da Sin da Koriya, da ake ɗauka ta cin ɗanyen kifin ruwan daɗi. Su ne aka tabbatar suna kawo ciwon daji a hanyoyin maɗaciya, ba tamu ba.

In duk da haka zuciyarki ba ta kwanta ba kina son a yi muku gwajin bayan gida, kada ku je gobe. Ƙwan da ke cikin hantar da kuka ci zai iya fitowa a gwajin, a ce kun kamu alhali wucewa kawai yake yi. Ku bar cin hanta kamar mako guda tukuna, kuma ki gaya wa mai gwajin abin da ya faru.